Tsattsauran Ra'ayi da Sunan Musulunci: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da aka taɓo maganar ƙungiyoyin da suke zubar da jini da sunan addini, tambayoyi kusan iri ɗaya ne suke dawowa. Wasu daga bakin iyaye masu tsoro suke fitowa, wasu daga ɗalibai, wasu kuma daga waɗanda suka gaji da ganin kullum Musulmi ake nunawa da yatsa. Ga amsoshinsu gwargwadon hali.

Me ake nufi da tsattsauran ra'ayi? Duk wanda ya riƙe addini da ƙarfi ne?

A'a, kuma a nan mutane da yawa suke tuntuɓe tun daga bakin ƙofa. Tsayar da gemu, ɗage wando, sanya niƙabi, yawan azumin nafila, ƙin cin riba, babu ko ɗaya a cikinsu da yake nuna mutum ya kama hanyar ta'addanci. Abin da muke magana a kai shi ne wanda malamai suke kira guluwwi, wato wuce gona da iri. Annabi (SAW) ya yi gargaɗi a kansa a wurin da ba a zata ba. Da safiyar jifa a aikin Hajji, Ibn Abbas ya tsinto masa 'yan ƙananan tsakuwoyi, sai ya ce da irin waɗannan za a yi jifa, kuma a kiyayi wuce iyaka a addini, domin shi ya halaka waɗanda suka gabata. A kan girman tsakuwa fa aka faɗi wannan magana.

Guluwwin da yake kaiwa ga jini kuwa yana tafiya da abu uku: kafirta Musulmi saboda zunubi ko saɓanin fahimta, halatta jinin wanda aka kafirta, sannan ɗaukar hukunci a hannu ba tare da shugaba ko alƙali ba. Inda ka ga ukun nan sun haɗu, ba sai an gaya maka sunan ƙungiyar ba.

Daga ina wannan aƙida ta samo asali?

Ta girmi Alƙa'ida da ISIS da Boko Haram da ƙarni goma sha uku da ɗoriya. Bayan yaƙin Siffin a shekara ta 37 bayan Hijira, wato 657, Sayyidina Ali ya amince a naɗa mutum biyu su sasanta tsakaninsa da Mu'awiya. Sai dubban mutane daga rundunarsa suka ɓalle, suka tare a wani ƙauye mai suna Harura kusa da Kufa, suna ɗaga murya cewa babu hukunci sai na Allah. Da Ali ya ji, sai ya ba da amsar da har yau ba a samu wadda ta fi ta ba: magana ce ta gaskiya, amma ɓarna ake nufi da ita. Su ne aka sani da Khawarijawa.

Ba mutanen banza ba ne a fuska. Masu tsayuwar dare ne, goshinsu ya yi kanta saboda sujada. Malaman tarihi sun kawo labarin da yake nuna halinsu ƙarara. Sun kama Abdullahi ɗan Khabbab, ɗan wani babban sahabi, suna tafe da shi. A hanya ɗayansu ya tsinci dabino ɗaya da ya faɗo, ya jefa a baki, 'yan uwansa suka yi masa caa: ka ci abin da ba ka biya ba! Nan take ya tofar. Wani ya kashe aladen wani wanda ba Musulmi ba, suka ce wannan ɓarna ce a ban ƙasa, sai da aka je aka ba mai shi haƙuri. Bayan duk wannan tsantseni, suka kwantar da Abdullahi a bakin ƙorama suka yanka shi, suka farke cikin iyalinsa mai juna biyu, don kawai ya ƙi aibata Ali da Usman.

Ali ya yaƙe su a Nahrawan a 658, amma sai bayan da suka fara kisa. Kafin nan ya ce musu ba zai hana su masallaci ba, ba kuma zai fara kai musu hari ba. A Ramadan na shekara ta 40, ɗaya daga cikinsu, Abdurrahman ɗan Muljam, ya sare shi da takobi mai guba yana kan hanyar sallar asuba a Kufa, yana ganin lada yake nema.

To yaya aka yi ta sake tasowa a wannan zamani?

Kurkuku ya taka rawa babba. A gidajen yarin Masar na zamanin Jamal Abdul Nasir, inda aka gana wa fursunoni azaba, tambaya ta taso a tsakanin matasa: wanda yake mana wannan, Musulmi ne kuwa? Rubuce-rubucen Sayyid Ƙuɗub, wanda aka rataye a 1966, sun siffanta al'ummomin zamani da jahiliyya, kuma wasu suka ɗauki wannan suka zarce da shi. Shugaban Ikhwan (ƙungiyar 'Yan Uwa Musulmi ta Masar) na lokacin, Hasan al-Hudaibi, ya yi ƙoƙarin taka birki da cewa su masu wa'azi ne, ba alƙalai ba. Amma Shukri Mustafa ya fito daga kurkuku ya kafa ƙungiyar da ta kafirta duk wanda ba ya cikinta, kuma a 1977 suka sace Sheikh Muhammad az-Zahabi, malamin Azhar kuma tsohon ministan harkokin addini, suka kashe shi. A Oktoba 1981 wata ƙungiyar ta harbe shugaba Anwar Sadat.

Yaƙin Afganistan da Tarayyar Sobiyet daga 1979 zuwa 1989 ya haɗa masu wannan tunani daga ƙasashe daban-daban, ya ba su makami da horo, kuma a cikin wannan yaƙi aka haifi Alƙa'ida a 1988. A Aljeriya, cikin shekarun 1990, ƙungiyar masu ɗauke da makamai da ake kira GIA ta kai ga kafirta al'ummar ƙasar baki ɗaya, tana shiga ƙauyuka irin su Bentalha da Rais a 1997 tana yanka mutane cikin dare. Mamayar da Amurka ta yi wa Iraƙi a 2003 ta buɗe wata ƙofar, wadda ta kai ga shugaban ISIS, Abubakar al-Bagadadi, ya hau mumbarin masallacin Nuri a Mosul a Yuli 2014 yana kiran kansa halifa.

Ai su ma ayoyi da hadisai suke jawowa. Ta ina suka kauce?

Gaskiya ne suna jawowa, kuma musun hakan ba ya taimakon kowa. Matsalar tana wajen yadda suke yanka nassi. Abdullahi ɗan Umar ya gano dabarar tun farko, ya ce Khawarijawa sun tafi ga ayoyin da suka sauka a kan kafirai suka ɗora su a kan muminai.

Ɗauki aya ta 44 a Suratul Ma'ida, wadda take cewa wanda bai yi hukunci da abin da Allah Ya saukar ba, to waɗannan su ne kafirai. Ita ce sandar da suke dogarawa wajen kafirta shugaba, daga shi su gangaro kan alƙali, soja, ɗan sanda, malamin makaranta, mai jefa ƙuri'a, har wanda ya yi shiru bai kafirta waɗannan ba. Amma an ruwaito daga Ibn Abbas, wanda ake kira Tarjumanul Ƙur'an, cewa kafircin da ke cikin ayar ba wanda yake fitar da mutum daga addini ba ne, kafirci ne ƙasa da kafirci. A kan wannan manyan malaman tafsiri suka bambanta tsakanin wanda ya ƙaryata hukuncin Allah da wanda ya saɓa masa saboda son rai ko rauni ko tilas.

Ko kuma aya ta 5 a Suratut Tauba, wadda suke kira ayar takobi. Suna karanta ta su tsaya. Ayar da ke gabanta ta keɓe mushirikan da suka cika alƙawari, ta ce a cika musu nasu. Wadda ke binta ta ce idan mushiriki ya nemi mafaka a ba shi, ya ji maganar Allah, sannan a raka shi har inda zai samu aminci. Ana ba da labarin Wasil ɗan Aɗa, wani malamin Basra, cewa ya yi kiciɓis da Khawarijawa a hanya shi da abokan tafiyarsa. Da suka tambaye su ko su waye, sai ya ce mushirikai ne masu neman mafaka. Suka karanta musu Alƙur'ani, suka raka su lafiya. Da ya ce su Musulmi ne, da wuyansu ya sha wuƙa. Wannan shi ne ainihin abin da hadisin Bukhari da Muslim ya siffanta: suna karanta Alƙur'ani ba ya wuce maƙogwaronsu, suna kashe ma'abota Musulunci suna ƙyale masu bautar gumaka.

Akwai kuma ayoyin da ba za ka taɓa ji a bakinsu ba, kamar aya ta 8 a Suratul Mumtahana, wadda ta ce Allah bai hana a kyautata wa waɗanda ba su yaƙe ku ba kuma a yi musu adalci.

Me ya sa ake cewa kafirtawa ce uwar matsalar?

Domin ita ce take cire wa mutum rigar kariya. Matashin da aka rena a kan cewa jinin Musulmi haramun ne ba zai iya tayar da bam a masallaci ba sai an fara gamsar da shi cewa waɗanda ke cikin sahu ba Musulmi ba ne. Haka aka yi a babban masallacin Kano a Nuwamba 2014, haka aka yi a masallacin Rauda da ke Sina'i a Nuwamba 2017, inda aka kashe sama da mutum 300 ranar Juma'a.

Shari'a ta kewaye wannan ƙofa da ƙaya. Wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, kalmar za ta koma kan ɗayansu. Usama ɗan Zaid ya kashe wani a fagen fama bayan mutumin ya furta kalmar shahada, ya ce ai tsoron takobi ne ya sa shi. Annabi ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa ne ya gani, ya yi ta maimaitawa har Usama ya yi burin da ma a ranar ya musulunta. Malamai sun gindaya sharuɗɗa kafin a yanke wa wani ayyanannen mutum hukunci: a tabbatar ya sani, da gangan ya yi, ba tilasta shi aka yi ba, ba kuma tawili ya yi ba. Wannan aikin alƙali ne a kotu, ba na yaro mai waya a hannu ba.

Kuma wutar ba ta tsayawa a gidan maƙwabci. ISIS da Alƙa'ida sun kafirta juna sun yaƙi juna a Siriya. Abubakar Shekau ya mutu a 2021 ne a hannun farmakin ɓangaren da ya ɓalle daga ƙungiyarsa.

Jihadi fa? Ba ya cikin addini ne?

Yana ciki, babu malamin kirki da zai ce babu. Amma babi ne na fiƙihu mai dokoki, kamar sallah da zakka. Shugaban al'umma ne yake da hurumin shelanta yaƙi. An hana kashe mata da yara. Wasiyyar Sayyidina Abubakar ga kwamandan da ya tura Sham ta hana taɓa tsofaffi da masu ibada a ɗakunan bautarsu, ta hana sare itace mai 'ya'ya da rusa gine-gine. Wanda ya kashe wanda ke da alƙawarin zaman lafiya da Musulmi ba zai ji ƙanshin Aljanna ba. An hana azabtarwa da wuta, an hana mutum kashe kansa.

Sai ka ɗora wannan ma'auni a kan bam ɗin da aka tayar a tsakiyar taron biki a wani otal a Amman a Nuwamba 2005, ko yara sama da 130 da aka harbe a makaranta a Peshawar a Disamba 2014, ko matuƙin jirgin Jodan da aka ƙona da ransa a cikin keji, ko matan Yazidawa da aka sayar kamar kaya bayan ISIS ta mamaye Sinjar a Iraƙi. A Satumba 2014 malamai sama da 120 daga sassan duniya suka rubuta wa Bagadadi buɗaɗɗiyar wasiƙa suna warware hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya da nassi.

Ba makircin maƙiya Musulunci ba ne kawai? Ai waɗannan ba Musulmi ba ne.

Cewa manyan ƙasashe sun yi amfani da ƙungiyoyi masu makami don biyan buƙatunsu, wannan tarihi ne sananne, Afganistan ta isa misali. Amma babu Amurka a zamanin Ibn Muljam. Wanda ya jingina komai ga makirci ya huta da tunani, amma ya bar ɗansa babu rigakafi.

Batun cewa su ba Musulmi ba ne kuwa, a yi hattara kada a kamu da ciwon da ake magani. An ruwaito cewa da aka tambayi Ali ko mutanen Nahrawan kafirai ne, ya ce ai daga kafirci suka gudo. Mafi yawan malamai sun ɗauke su ɓatattu masu babban laifi, waɗanda ake yaƙa idan suka ɗauki makami. Ko Sanarwar Amman, wadda malamai kimanin 200 daga ƙasashe 50 suka amince da ita a 2005, abin da ta sa a gaba shi ne rufe ƙofar kafirta mabiya mazhabobi da taƙaita fatawa ga waɗanda suka cancanta.

Talauci ne yake jawo mutane, ko jahilci?

Ba abu ɗaya ba ne. Usama bin Ladan ɗan attajiri ne, Aiman az-Zawahiri, wanda ya gaje shi a shugabancin Alƙa'ida, likita ne. Shugabannin sukan fito daga masu hali da boko, 'yan baya kuma daga waɗanda rayuwa ta juya wa baya. Amma bincike biyu sun cancanci a tsaya a kansu. Da kamfanin dillancin labarai na AP ya duba takardun rajistar dubban mayaƙan ISIS a 2016, ya tarar kusan kashi 70 cikin ɗari an rubuta iliminsu na shari'a a matakin farko ne kawai. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma, a rahotonta na 2017 kan Afirka, ta ce kashi 71 cikin ɗari na waɗanda aka zanta da su, da suka shiga irin waɗannan ƙungiyoyi da ƙafarsu, sun ambaci wani abu da hukuma ta yi, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki, a matsayin abin da ya ingiza su a ƙarshe.

Wato zurfin ilimin addini kariya ne, rabin ilimi ne haɗari. Zalunci kuma shi ne takin da aƙidar take tsiro a kai.

Yaya zan gane ɗana ko ƙanena ya fara karkata?

Kada ka kalli tufafinsa, ka saurari harshensa. Ya daina sallah a bayan limamin da ya saba bi, ba don wani dalili na fiƙihu ba sai don wai aƙidarsa ba ta inganta ba. Kalmomi irin su ɗagutu, murtaddi da malaman fada sun cika bakinsa. Duk malamin da aka ambata yana da aibin da zai jefa masa, ban da wani guda ɗaya da ya sani a intanet wanda ko sunansa na gaskiya bai sani ba. Ya fara ƙyamar cin abin da mahaifinsa ya samo daga aikin gwamnati. Yana ɓoye wayarsa, ya yanke tsofaffin abokai, kuma idan aka ba da labarin harin da ya ci mutane sai ka ga bai girgiza ba, har yana neman musu uzuri. Guda ɗaya a cikin waɗannan ba hujja ba ce. Taruwarsu ce abin dubawa.

In na gani, yaya zan yi masa magana?

Ba da zagi ba, ba da kora daga gida ba. Masu jan sa sun riga sun gaya masa cewa danginsa za su ƙi shi saboda gaskiya, kana korarsa ka gaskata su.

Ibn Abbas ya bar mana tsari. Ya nemi izinin Ali, ya sa mafi kyawun tufafinsa, ya shiga sansanin Khawarijawa shi kaɗai da tsakar rana. Bai fara da wa'azi ba, tambaya ya yi: me kuke tuhumar ɗan baffan Manzon Allah da shi? Suka kawo uku, ya bari suka gama, har ya tambaya ko akwai saura. Sannan ya bi su ɗaya-ɗaya. Kun ce ya sa mutane hukunci a al'amarin Allah: to ai Allah da kansa Ya ce a naɗa mai sulhu daga dangin miji da na mata idan aure ya yi tsami, Ya kuma sa adilai biyu su yi hukunci a kan abin farautar da mai harami ya kashe, ko da zomo ne. Jinin Musulmi bai fi zomo ba? Kun ce ya yi yaƙi bai kama bayi ba: wa zai karɓi Uwar Muminai A'isha a rabonsa? Kun ce ya goge laƙabin Amirul Muminina a takardar sulhu: ai Annabi ma ya yarda a goge Manzon Allah a takardar Hudaibiyya. Bayan kowace amsa yakan tambaye su ko ya fita daga wannan, su ce ƙwarai. Dubbai suka ajiye makami suka dawo.

Abin lura, ya san shubuharsu ciki da waje kafin ya je. In ba ka da wannan ilimi, nemo malamin da yake da shi kuma mai haƙurin sauraro. Kada kuma ka musanta zaluncin da yaron yake gani a duniya, domin sau da yawa gaskiya ne. Inda za ku rabu shi ne maganin da aka ba shi. Amma in magana ta kai ga makami, ko shirin tafiya, ko barazana ga ran wani, an wuce muhawara, sai a sanar da hukuma.

Ƙarfin soja bai isa ba?

Yana ƙwato gari, kuma dole ne a kare rayuka. ISIS ta rasa Mosul a 2017, ta rasa tungarta ta ƙarshe a Baguz a Maris 2019, aka kashe Bagadadi a Oktoban wannan shekarar, amma rassanta suna nan a Sahel da Afganistan da wasu wurare. Kisan Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a Yuli 2009 ba tare da shari'a ba bai kashe ƙungiyarsa ba, ƙara mata mai ya yi. Kurkukun Bucca da sojojin Amurka suka tsare dubban mutane a Iraƙi, har da Bagadadi, ya zama wurin da masu aƙidar suka san juna.

Wanda ya yi nisa yana dawowa kuwa?

Yana dawowa, har ƙungiya sukutum ta taɓa dawowa. Al-Jama'a al-Islamiyya ta Masar ta shafe shekaru tana kashe 'yan sanda da Kiristoci da baƙi. A Yuli 1997 shugabanninta da ke kurkuku suka shelanta ajiye makami, kuma kisan mutum 62 da wasu 'yan ƙungiyar suka yi a Luksor a Nuwamban shekarar ya ƙara raba ta da jama'a. A 2002 suka fitar da littattafai huɗu suna warware fatawoyinsu na baya da hannunsu, sannan aka riƙa zagayawa da su gidajen yari suna zama da mabiyansu suna amsa tambayoyi. A 2007 Sayyid Imam, wanda rubutunsa ya kasance abin karantarwa a sansanonin Alƙa'ida, shi ma ya rubuta warwara daga kurkuku, abin da ya dami Zawahiri har ya zauna ya rubuta masa raddi mai tsawo.

Ba kowane mai cewa ya tuba ne ya tuba ba. Shirin gyaran tunani na Saudiyya ya ga wasu da ya sallama sun koma, har suka zama jagorori a reshen Alƙa'ida na Yaman. Tuba kuma ba ta goge haƙƙin wanda aka kashe wa uba ko aka ƙona wa gida, don haka duk shirin da ya kula da tubabbe ya manta da wanda aka zalunta yana shuka wata gabar ce. Waɗanda suka yi aikin sun lura cewa tsohon ɗan ciki ya fi kowa iya magana da na ciki, domin ya san daidai ayar da aka yanke masa rabi, da daren da ya fara shakka.